Tsofaffin jiragen roba na haɗawa: me za a gyara, me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Mabera nake rubutowa. Muna gyaran ɗakin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, sai muka tarar da kwalaye uku na ƙananan jiragen roba irin waɗanda ake haɗawa da gam. Ya zo da su daga Ingila ne lokacin da ya je karatu a ƙarshen shekarun 1970, bai taɓa haɗa su ba. Biyu na Airfix ne, Spitfire da Fokker F27, ɗaya kuma na Matchbox, Alpha Jet, duka a ma'aunin 1/72. Da na kwatanta su da waɗanda nake gani a YouTube sai na ga nawa kamar ba su da inganci. Gilashin yana da kauri, wurin matuƙi wayam, layukan jiki ba su da kyau, sitikar kuma ta yi rawaya. Na ga ana sayar da kayan ƙari na rezin da na tagulla. In yi odarsu ne, ko in haƙura in sayi sabon kit, wato sabon kwalin jirgin haɗawa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kai haske kabarinsa, Ya albarkaci bayansa.

Ɗana, kada ka yi odar kayan ƙari tukuna. Na fi shekara talatin ina wannan aikin, tun daga motar kara da ta gwangwani da muke ƙerawa muna yara har na kai ga jirgin roba, kuma abin da na fi gani yana kashe wa sabon shiga gwiwa shi ne zuba kuɗi a kayan ƙari tun hannunsa bai faɗa ba. Duk wanda ya shigo ɗakinka ya ga jirgin a kan tebur, idonsa zai fara sauka ne a kan fikafikai ya ga ko sun daidaita, sai mahaɗar gangar jiki ko ta ɓace, sai gilashi, sai fenti. Waɗannan kuwa duk aikin hannu ne, babu wanda za a aiko maka a cikin ambulan.

Bari ka san abin da ke hannunka. Airfix kamfanin Ingila ne, wani mutumin Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa shi a 1939. Jirgin sama na farko da suka fitar shi ne Spitfire a shekarun 1950, kuma a lokacin a cikin leda ake sayar da kayansu a shagunan Woolworths kan sule biyu. Matchbox, waɗanda aka fi sani da ƙananan motocin ƙarfe, sun shigo harkar a farkon shekarun 1970 da roba mai launi biyu ko uku, don yaron da ba shi da kuɗin fenti ya haɗa ya ga abu mai kyau. Ka ga ashe domin yara aka yi su, yaro ya saya da kuɗin kashewarsa, ya haɗa da yamma ɗaya, ya rataye a silin da zare. Ƙarfen zubin da ake matsa narkakkiyar roba a ciki da hannu maƙera suka sassaƙa shi, shekaru kafin kwamfuta ta shiga aikin. Wanda kake gani a YouTube yawanci sabon zubi ne na kamfanonin Tamiya ko Eduard ko Airfix na yanzu, wanda aka zana da kwamfuta domin manya. Ba a haɗa gudu tsakanin su.

Amma kana da wata sa'a da ba kowa ya san da ita ba. Ƙarfen zubi yana tsufa. In aka yi ta zuba roba a ciki shekara da shekaru, bakinsa yana cinyewa, robar ta riƙa tsartuwa ta gefe, zanen jiki ya dusashe. Kamfanoni kuma sukan ɗauko tsohon ƙarfe su sake zubi su sa a sabon kwali mai ƙyalli. Naka da aka zuba tun shekarun 1970 ya fito ne lokacin da ƙarfen yake da sauran ƙuruciya, sau da yawa ya fi wanda aka sake zubawa daga baya tsafta. Shi ya sa in za ka sayi kit nan gaba kada kwali ya ruɗe ka. Ka shiga shafin Scalemates ka rubuta sunan kit ɗin, zai nuna maka shekarar da aka fara sassaƙa ƙarfensa. Su ma Airfix yanzu suna sayar da tsofaffin nasu da sunan Vintage Classics don mai saye ya san tsohon zubi ne. Kwalayen kuma kada ka yar. Akwai masu tara su a duniya, kuma ko babu mai saye, kayan mahaifinka ne.

Abu na gaba shi ne lissafin ma'auni, don da shi za ka riƙa yanke hukunci. 1/72 na nufin kowace milimita ɗaya a jikin robar milimita 72 ce a jirgin gaske. Faɗin fikafikan Spitfire mita 11.23 ne, a tebur ɗinka zai zama santimita 15.6. Na F27 mita 29, zai kai santimita 40, sai ka tanadar masa wuri. Yanzu ka auna gefen bayan fiffike a kit ɗinka. In ka sami kaurin milimita ɗaya, to a jirgin gaske ya zama santimita 7, kamar a ce an yi gefen fiffike da katakon gini, alhali na gaske siriri ne kamar bakin wuƙa. Ƙofar taya mai kaurin milimita ɗaya ita ma haka. Wannan kaurin shi ne ke sa tsohon kit ya yi kama da abin wasan yara, ya fi rashin tarkacen ɗakin matuƙi illa nesa ba kusa ba, maganinsa kuma sanfefa ce ta naira kaɗan. Kafin ka haɗa rabin fiffike na sama da na ƙasa, sai ka shimfiɗa sanfefa mai lamba 400 a kan gilashi ko tayil, ka riƙa goga cikin gefen bayan a kai a hankali, kana haɗawa kana dubawa, har ya yi siriri. Ta ciki ake ci, don kada zanen waje ya tafi. Ƙofofin taya ma ka goge su ta ciki har su kusa nuna haske.

Ka fara da Alpha Jet, sai Spitfire, ka bar F27 ya zama na ƙarshe. Na Matchbox sassansa kaɗan ne, yawanci suna shiga juna ba gardama, robar kuma tana da kauri, tana jure kuskuren mai koyo.

Ka wanke sassan da ruwa da ɗan sabulun wanke kwanoni, su bushe a inuwa. Robar da ta shekara arba'in da wani abu a zafin Sakkwato takan yi gautsi, saboda haka kada ka murɗe sashe daga jikin karan da yake maƙale. Ka yanke shi da abin yankan farce ko reza, nesa kaɗan da sashen, sannan ka goge ragowar. Za ka ga aibi iri uku na zubi: siririn leɓen roba a gefuna, wanda ake kankarewa da bayan reza, zagayayyun tabo inda fil ɗin inji ya turo sashen daga cikin ƙarfe, da lotsawa a wuraren da robar ta yi kauri ta tsuke lokacin hucewa. Na biyun da na ukun in suna wurin da za a gani sai a cike, in suna ciki a bar su. Sashen da ya lanƙwashe, kamar dogon fiffiken F27, ka tafasa ruwa ka sauke ya ɗan huce, ka tsoma na 'yan daƙiƙu, ka miƙar da shi a kan tayil, ka zuba masa ruwan sanyi yana danne. Ka fara gwadawa da guntun kara, don ruwan da ya cika zafi yakan nannaɗe siririn sashe, kuma ba ya dawowa.

Kafin gam ya taɓa komai, ka haɗa jirgin gaba ɗaya da salatef na takarda ka ga inda bai zauna ba. A tsofaffin kit, 'yan filfil ɗin da aka yi don su daidaita rabi biyu na gangar jiki su ne sau da yawa ke karkatar da su. In ka ga gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tudu, yanke filfil ɗin, ka goga bakin kowane rabi a kan sanfefar nan ta kan gilashi, ka daidaita da ido da yatsa.

Maganar gam tana da muhimmanci. Robar nan sunanta folistirin, kuma gam ɗinta na ainihi narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda, kamar walda. Mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin ya fi, domin haɗa sassan ake yi tukuna, sannan a ɗiga shi a mahaɗa ya bi layin da kansa. In ka ɗan matsa za ka ga narkakkiyar roba ta ɓullo kamar zare. Ka bar ta ta kwana, gobe ka kankare, mahaɗar ta ɓace ba tare da ciko ba. In akwai abu ɗaya da zan ce ka yi oda yau, to kwalbar gam ɗin nan ce. Sufa gulu da ake samu a kowane shago yana da ranarsa wajen manna ƙarfe da rezin, kuma in ka kwaɓa shi da hodar jiki yana cike rami, sai dai ka goge shi cikin awa guda, don in ya kwana ya fi robar tauri, sanfefa za ta cinye gefensa ta bar shi tsaye. Ciko mafi kyau kuwa daga cikin kwalin yake: ka yayyanka karan robar ƙanana ka zuba a ragowar gam ɗin ruwa, ya kwana biyu ya zama kamar kunu mai kauri. Da yake jinsinsu ɗaya da jirgin, in ya bushe tare suke goguwa. Ka shafa kaɗan-kaɗan. Filar masu gyaran jikin mota ka yi hattara da ita, wasu nau'o'in suna cin roba.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi daɗewa, wato daidaito. Ka ɗauki jirgin ka dube shi ta hanci, ido ɗaya a rufe, kamar yadda magini ke duban layin bulo. Fikafikan Spitfire suna ɗagawa sama da digiri 6, wanda a wannan ma'aunin ya kai kusan milimita 8 a ƙarshen kowane fiffike in an auna daga tsakiya. Tsohon kit yakan bar su a shimfiɗe ko ɗaya ya fi ɗaya, kuma Spitfire mai shimfiɗaɗɗen fiffike ya rasa kamanninsa ko da an zuba masa kayan ƙari na dubban nairori. Na Alpha Jet akasin haka ne, daga kafaɗa suke fitowa su ɗan sunkuya ƙasa. Ni abin da nake yi, ina zana gicciyen layi a kan katako, in ɗora jirgin a kai, in tokare ƙarshen fikafikan da kwalayen ashana ko tarin kati masu tsawo ɗaya, in bar shi ya kwana a haka. Jela ta tsaya cak, ƙananan fikafikan baya su yi daidai da juna, ƙafafu kuma kada ɗaya ta riga ɗaya gaba. A gasar masu wannan aikin ma irin waɗannan ne alƙalai ke fara dubawa kafin su leƙa ciki.

Layukan jiki da ka yi ƙorafi a kansu iri biyu ne a kwalayenka. Na Airfix masu tudu ne, domin a ƙarfen zubi ya fi sauƙi a tsaga layi, shi kuma sai ya fito a matsayin tudu a jikin roba. Na Matchbox masu zurfi ne da faɗi, har masu aikin suna yi musu kirari da aikin mai haƙa lambatu. Layi mai faɗin rabin milimita a jirgin gaske rami ne na santimita uku da rabi. Za ka ji ana cewa sai an goge duka an sake zanawa da allura. Ana iya yi: a sa allurar ɗinki a cikin abin riƙewa, a manna tef mai kauri ya zama jagora, a ja a hankali sau da yawa ba tare da dannawa ba. Amma aiki ne na makonni, kuma karkataccen layi ɗaya ya fi layin tudu hamsin muni. Ra'ayina, a Spitfire da F27 ka bar masu tudun, ka ɗan bi su da sanfefa mai lamba 1000 su rage tsawo. Inda gyaran mahaɗa ya share layi, ka mayar da shi da zaren roba. Yadda ake yin zaren: ka riƙe guntun kara a saman kyandir kana juyawa har ya yi laushi, ka janye daga wutar, ka ja hannu biyu a hankali, zai miƙe kamar gashi. Ka shimfiɗa shi a gurbin layin, ka taɓa da ɗigon gam. Da shi kuma ake yin wayar eriya. A Alpha Jet kuwa ka cike manyan ramukan da kunun roba ko fentin shimfiɗa mai kauri, wato fentin da ake fara shafawa kafin launi, ka bar na wuraren da ke motsi a fiffike da jela kawai. A 1/72 jirgi mai santsin jiki ya fi kusa da gaskiya.

Sai ɗakin matuƙi. Tsohon Spitfire na Airfix ɗan wurin zama ne kawai da mutum-mutumin matuƙi, shi ne ke cike wurin. Da yawa daga cikinmu a nan ba ma sa mutum-mutumin, ni ma ba na sawa, don haka dole a yi wa wurin 'yar dabara. Kayan aikin suna cikin gidanku. Ka duba ƙasan kofin yogot ko farantin roba na yarwa, in ka ga lamba 6 a cikin alamar kusurwa uku, folistirin ne, gam ɗinka zai kama shi. Da shi za ka yanka daɓe, bangon bayan kujera da allon agogon gaban matuƙi. Katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa wata roba ce daban, sai da sufa gulu. Bel ɗin kujera kuma, ka yanka siririn salatef na takarda ko takardar alminiyam da ke rufe bakin gwangwanin madarar gari, faɗin bai kai milimita ɗaya ba, ka shafa masa launin ƙasa-ƙasa. Sandar tuƙi daga zaren roba, wayoyi daga silin tagulla na cikin tsohuwar caja. Allon agogo ka shafa baƙi, ka ɗiga farin gam da tsinken sakace, in ya bushe zai yi sheƙi kamar gilashin agogo. Ya isa haka, domin ta cikin gilashi mai girman ƙwayar wake za a leƙa. Ramin taya na tsohon kit yakan zama a buɗe har kana hango cikin fiffike, sai ka kewaye shi da siririyar robar kofin nan. Bututun auna iska da bakin bindiga kuma sabuwar allurar sirinji daga kemis ta fi na roba kyau da ƙwari, a yanka ta da magagari, kada a datse da filaya don bakin zai toshe.

Gilashin shi ne fuskar jirgi. In ya yi gaushi, ka goge shi da sanfefa mai ruwa lamba 1500, sai 2000, zai yi fari kamar ya lalace, kada ka tsorata, ka ci gaba da man goge baki da tsumman auduga har ya washe. Ka cusa masa laka ko wani abu mai laushi a ciki lokacin guga, don robar gilashi ta fi sauran saurin tsagewa. Kada sufa gulu ya kusance shi, tururinsa yana bar masa farin hazo ta ciki. Farin gam na kafintoci irin Top Bond shi ne daidai, yana bushewa garau, ya kuma cike 'yar tazarar da ke gefe.

Kada ka manta da nauyin hanci. F27 da Alpha Jet duka masu taya a hanci ne, in ba a sa musu nauyi a gaba ba za su zauna a kan jela. Lokacin da ka haɗa da salatef, ka ɗora jirgin a kan fensir daidai inda manyan tayoyi za su tsaya, ka riƙa ƙara nauyi har hancin ya rinjaya, sannan ka ƙara kaɗan. Ƙwallayen boris na keke ko ƙananan noti sun wadatar, ka kafe su da Araldite kaɗan-kaɗan. Gam ɗin roba in ya taru a rufaffen wuri narkar da hancin yake yi daga ciki. F27 zai ci nauyi sosai, ƙafafunsa kuma dogaye ne sirara, saboda haka ka huda su ka sa waya a ciki in hannunka ya kai.

To, sai kayan ƙarin da ka tambaya. Rezin sassa ne da ake zubawa da wani sinadari daban, zanensu ya fi na roba fitowa, kamar kujeru da tayoyi. Da sufa gulu ake manna su, kuma ƙurarsu ba ta da kyau ga huhu, a jiƙe ake goge su. Na tagulla siraran faranti ne da aka sassaƙa da sinadari, kamfanin Eduard na ƙasar Cek ya yi suna a kansu. Ana lanƙwasa su da reza da matsefata, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Akwai gilashi siriri da ake yi da zafi da zuƙar iska, da ƙafafun ƙarfe, da sababbin sitika. Abin da mai talla ba zai gaya maka ba shi ne kowane saiti domin wani kit takamaimai aka auna shi, yawanci sabon zubi. Ɗakin matuƙin rezin da aka yi wa sabon Spitfire ba zai shiga tsohon ba sai ka kankare bango har ya kusa hujewa. Ga shi kuma in ka haɗa farashi da kuɗin aikowa da canjin dala, sau da yawa ya haura kuɗin sabon kit ɗungurungum. Airfix sun sake sassaƙa Spitfire a 1/72 tun 2010, da ɗakin matuƙi da layuka masu zurfi. In Spitfire mai cikakken bayani kake so, wancan za ka saya, ka haɗa na mahaifinka a yadda zamaninsa ya yi shi, ka jera su tare. Kuma akwai aibin da rezin ba ya gyarawa, wato kuskuren siffa. Ƙarƙashin Spitfire na gaske, inda fikafikai suka haɗu da ciki ta baya, yana da wani lanƙwaso kamar fiffiken tsuntsu, tsofaffin kit da yawa sun bar wurin a shafe. Alpha Jet na Matchbox kuma ya fito ne tun jirgin kansa yana matakin gwaji, don sai a 1973 ya fara tashi, saboda haka siffar jirgin gwajin ya ɗauko. Irin wannan ko dai ka karɓe shi, ko ka yi masa fiɗa da zarto.

In dai za ka kashe kuɗi, bayan gam, to sitika ce ta fi cancanta, sai kujeru biyu na rezin domin Alpha Jet, tunda gilashinsa dogo ne ana ganin ciki sosai, sai siririn gilashi in na kwalin ya tsage.

Tsohuwar sitikar ma ka gwada ta kafin ka fid da rai. Rawayar daga gam ɗin takardar take, rana kuma tana cire ta. Ka sa takardar a leda mai haske, ka manna a jikin taga ta ciki tana kallon rana, kana dubawa kullum. Masu wannan aikin a Turai makonni suke jira, mu a nan rana ba ta yi mana rowa, sai dai ka zaɓi tagar da hantsi ke bugawa, ka cire kafin azahar. Sannan ka yanki wadda ba ka buƙata ka tsoma a ruwa mai ɗumi. In ta wargaje, ka shafa wa sauran takardar siririn banish mai haske ko Liquid Decal Film na Microscale, ta bushe, ka yanka kowace daf da zanenta. A kan fenti mai sheƙi ake ɗora sitika. A kan mai gaushi iska takan maƙale a ƙasa ta yi fari-fari kamar azurfa.

Fenti a garin nan sai an yi la'akari da lokaci. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, fentin ruwa yakan bushe a bakin buroshi kafin ya kai jikin jirgi. A hunturu kuma ga ƙura, ga bushewar iska da ke sa roba ta riƙa jawo ƙurar kamar maganaɗisu. Ni bayan sallar asuba nake fenti. Ina yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, in rufe taga, in kashe fanka, da na gama in kife wa jirgin bahon roba, sannan in buɗe taga warin ya fita. Da buroshi, fentin mai irin Humbrol na ƙaramin gwangwani ya fi yi mana biyayya don ba ya saurin bushewa. Ka sirka shi ya yi kamar madara, ka shafa siriri sau uku, kwana guda tsakanin kowace shafa. Shafa ɗaya mai kauri ita ke binne duk wahalar da ka sha. Kafin nan ka yi fentin shimfiɗa mai ruwan toka, shi zai tona maka duk mahaɗar da ba ta ɓace ba, ka gyara ka sake. Tina ta masu fentin mota da fetur kada su taɓa robar, cinye ta suke yi nan take. Kuma kada ka bar kit a mota ko a ɗakin kwano marar silin. Na taɓa barin wani da na kusa gamawa a kujerar baya a watan Afrilu na shiga kasuwa, na dawo na tarar fikafikan sun sunkuya, aikin wata biyu ya tafi, har yau ina jin ciwon abin.

Wani abin da zai sa aikin ya yi maka daɗi shi ne biyu daga cikin jiragen nan suna da tarihi a ƙasarmu. Rundunar sojin saman Najeriya, wadda aka kafa a 1964, ta fara amfani da Alpha Jet a farkon shekarun 1980, ta yi aiki da su a Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Ka nemi hoton jirgi guda ɗaya takamaimai ka bi shi, ka lura da hanci, domin samfurin horaswa na Faransa zagayayyen hanci gare shi, na Jamus kuwa mai tsini. Tambarin rundunar da'ira ce kore, fari, kore, kuma ba sai ka saya ba. Ka shafa fari, ka yanka da'irorin salatef da ƙarfen da dukawa ke huda fata da shi, ka rufe inda zai zauna fari, ka shafa kore. Wanda aka yi da fenti ma ya fi sitika kwanciya.

F27 kuma Nigeria Airways ta yi jigilar cikin gida da shi shekaru da yawa, da launin fari da kore. Shi ma ka duba hancinsa a hoto, na farko-farko gajeren hanci gare su, daga baya aka tsawaita saboda radar. Rubutun jikinsa za ka iya tsarawa a kwamfuta a buga maka a takardar sitikar ruwa mai haske, wadda ita ma sai an yi oda. Firinta ba ta buga fari, amma tunda saman jirgin fari ne babu matsala. Farin fenti shi ya fi kowane wahala da buroshi, sai an yi shafa huɗu ko biyar a kan shimfiɗa mai haske, shi ya sa na ce ka bar wannan jirgin sai hannunka ya saba da na farko biyun. Tagoginsa kuma kada ka manna gilasansu da wuri. Ka gama fenti tukuna, sannan ka ɗebo farin gam a tsinken sakace ka zagaya bakin kowace taga ka ja, zai shimfiɗu kamar yanar madara, ya bushe garau. In ka kai wannan matakin ka turo mini hotonsa ta hanci da ta sama, in duba maka daidaiton kafin ka sa ƙafafu.